Gidauniyoyi da Farashin Magani: Yadda Ake Taya Ƙananan Ƙasashe Kokawa a Teburin Ciniki

A shekarar 2000 maganin da ke danne ƙwayar cutar ƙanjamau ya riga ya shekara huɗu a kasuwa. A Amurka da Turai, mutanen da aka fid da rai da su sun miƙe sun koma bakin aiki. Amma kuɗin maganin mutum guda na shekara ya kama daga dala 10,000 zuwa 15,000, saboda haka a Afirka, inda mafi yawan masu cutar suke, labarinsa kawai ake ji, ana ta kai mutane makwanci. Zuwa 2023, maganin da ya fi wancan ƙarfi da sauƙin sha, ƙwaya ɗaya tal a yini, ya sauko ƙasa da dala 45 a shekara. Ba kasuwa ce ta yi wannan sauƙi don kanta ba. An kai ruwa rana a kotu, da kan titi, da zauren shawarwarin ciniki na duniya. A bayan masu wannan gwagwarmaya kuwa akwai wasu da ba a cika jin sunansu ba, su ne gidauniyoyin da suka riƙa biyan kuɗin aikin.

Hanya mafi sauƙi ta gane gidauniya ita ce a tuna da waƙafi. Mai dukiya ya ware wani abu daga cikin abin da Allah ya hore masa, ya tsayar da uwar kuɗin, ya ce ribar da take haifarwa a riƙa kashe ta a kan aikin alheri. Gidauniyar Rockefeller ta 1913 da ta Ford ta 1936 haka suke: ana juya uwar kuɗin a hannun jari, kuma dokar Amurka ta wajabta musu fitar da kimanin kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu kowace shekara. Dokar ta hana su shiga yaƙin zaɓe, ta kuma hana su ware kuɗi musamman don matsa wa 'yan majalisa lamba a kan wani ƙudiri. Akwai irin na Jamus, kamar Friedrich Ebert da Heinrich Böll, waɗanda ke da alaƙa da jam'iyyun siyasa kuma kuɗinsu daga baitulmalin ƙasar yake fitowa. Wasunsu ba baƙi ba ne a wajenmu. Ford na da ofis a Legas tun 1960, MacArthur kuma ta buɗe nata a Nijeriya a 1994.

To amma gidauniya ba ƙasa ba ce. Ba ta da kujera a Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO, ba ta iya shigar da ƙara a can, ba ta sa hannu a kan yarjejeniya. Ta yaya ke nan kuɗinta ke taɓa dokar ciniki? Sai an fara sanin dokar da ake magana a kai kafin amsar ta fito fili.

Da aka kafa WTO a Jeniba ranar 1 ga Janairun 1995, cikin yarjejeniyoyin da kowace ƙasa ta rungumi dole har da wadda ake kira TRIPS, mai kare haƙƙin ƙirƙira. Ta ce duk wanda ya ƙirƙiro sabon abu, har da magani, shi kaɗai ke da ikon ƙera shi da sayar da shi har shekara 20 daga ranar da ya nemi rajista. Kafin nan ƙasashe da yawa ba su ba da irin wannan kariya ga magani. Indiya, a dokarta ta 1970, hanyar harhaɗawa kawai take karewa, ba maganin kansa ba. In ka gano wata hanya ta daban, kana iya fitar da magani iri ɗaya. Da haka masana'antarta ta ginu. Manyan kamfanonin Amurka, ciki har da Pfizer da IBM, su suka dage tun 1986 a sa wannan batu cikin shawarwarin ciniki. Ƙasashe matalauta sun yarda ne saboda an ɗaure komai a ƙulli ɗaya: in kana son a buɗe maka kasuwar amfanin gona da tufafi, sai ka ɗauki wannan ma.

Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce. Binciken sabon magani na cin kuɗi mai yawa, kuma mafi yawan abin da aka gwada ba ya kai wa ga kasuwa. Yarjejeniyar kanta ta bar ƙofofi, babbarsu ita ce lasisin dole, wato gwamnati ta ba wani kamfani izinin harhaɗa maganin ko mai haƙƙin bai so ba, a biya shi wani kaso daidai gwargwado. Sai dai ƙofa a takarda daban, ƙarfin halin bi ta cikinta daban. Ƙasar da ta gwada tana iya tsintar sunanta a jerin waɗanda Amurka ke yi wa barazanar takunkumin ciniki. Kuma wa zai gaya mata iyakar haƙƙinta? A wancan lokaci wasu ƙasashe mambobi ba su da ofishin jakadanci a Jeniba sam. Waɗanda ke da shi, sau da yawa mutum biyu ne ko uku ke bin taron ciniki, da na lafiya, da na ƙwadago, da na haƙƙin ɗan Adam, alhali ɗaya ɓangaren na zuwa da lauyoyin da ba su da wani aiki sai sakin layi guda na yarjejeniya guda. A nan ne gizo ke saƙa. A dokance kowace ƙasa daidai take da 'yar'uwarta, amma wanda bai samu lokacin karanta daftari ba, ba shi da bakin musu a kansa.

Wannan giɓi shi kuɗin gidauniya ke ƙoƙarin cikewa, kuma a Afirka ta Kudu aka fi ganin yadda abin ke aiki.

A 1997 gwamnatin Nelson Mandela ta yi wa dokar magunguna gyara don ta samu damar shigo da magani daga inda ya fi araha. A farkon 1998 kamfanonin magani suka maka ta a kotu, har yawan masu ƙarar ya tsaya a 39. Gwamnatin Amurka ta mara musu baya da matsin lamba. Ranar 10 ga Disambar wannan shekara, ranar haƙƙin ɗan Adam ta duniya, wasu 'yan tsirarun mutane a Kef Tawun, cikinsu har da Zackie Achmat, suka kafa ƙungiyar neman magani da aka fi sani da TAC. Mafi yawan waɗanda suka shigo ta daga baya mata ne matalauta daga unguwannin baƙar fata, da yawansu na ɗauke da cutar.

Abin da ya fi burge ni a aikin TAC ba zanga-zangar ba ce, karatun ne. Sun riƙa zama da membobinsu a ɗakunan taro na unguwa da harabar asibitoci suna koya musu yadda ƙwayar cutar ke karya garkuwar jiki, me lambar gwajin jini ke nufi, sunan kowane magani da illarsa, da dalilin da ya sa ba a tsallake shansa. Matar da ba ta gama sakandare ba sai ga ta tana iya tsayawa gaban likita ko ɗan majalisa ta ambaci maganin da take bukata da sunansa, ta faɗi kuɗinsa a Indiya, ta karanto masa sashe na 27 na tsarin mulkin ƙasar da ya ba kowa haƙƙin samun kulawar lafiya. Irin wannan karatu yana cin kuɗi: kuɗin motar haya, hayar ofis, buga takardu da harsunan gida, ɗan alawus na mai koyarwa, albashin lauya. TAC ta yanke tun farko cewa ba za ta karɓi ko sisi daga kamfanin magani ko gwamnatin ƙasarta ba, don kada a toshe mata baki. Saura daga ina? Daga gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji na waje, irin su Atlantic Philanthropies, da Ford, da Open Society, da ƙungiyar cocin Jamus mai suna Brot für die Welt. Lauyoyin da suka tsaya mata, na cibiyar dokar ƙanjamau da ke Jami'ar Witwatersrand, su ma da kuɗin tallafi suke aiki.

A Oktoban 2000 Achmat ya tafi Tailan ya sayo dubban ƙwayoyin fluconazole, maganin wata cutar da ke kama baki da maƙogwaro da ƙwaƙwalwar masu ƙanjamau. Ya saye kowace ƙwaya ƙasa da rand biyu, alhali a gida gwamnati na biyan kusan rand talatin, mai saye a shagon magani kuwa fiye da ninki biyun haka. Ya shigo da su, ya kira 'yan jarida ya faɗi abin da ya yi, ya ce a kama shi in ana so. Tun daga ranar, bambancin farashi ya daina zama lissafin masana, ya zama ƙwaya biyu da kowa ke iya gani a tafin hannu.

Da aka zo sauraron ƙarar kamfanonin a Firitoriya cikin Maris ɗin 2001, TAC ta nemi kotu ta bari ta shigo a matsayin mai taimaka mata da hujja, ko da yake ba ita ake ƙara ba. Alƙali ya amince. Takardun da ta gabatar sun ƙunshi rantsuwar marasa lafiya da tambayoyi a kan yadda ake tsayar da farashi da kuma wanda ya biya kuɗin binciken magungunan tun asali. Aka ɗage shari'a don kamfanonin su ba da amsa. A wannan tsakani duniya ta yi musu ca. Ranar 19 ga Afrilu suka janye ƙarar, suka kuma ɗauki nauyin kuɗin shari'ar. Bayan haka ma TAC ta juya kan gwamnatinta, wadda a zamanin Thabo Mbeki ke jan ƙafa tana shakkar maganin kansa, har Kotun Tsarin Mulki ta umarce ta a Yulin 2002 da ta ba mata masu ciki maganin nevirapine don kare jarirai.

Hanya ta biyu da kuɗin ke bi ita ce ta samar da lamba. Shekara da shekaru ana cewa maganin ƙanjamau tsada gare shi, amma ba wanda ke faɗin nawa ake kashewa wajen harhaɗa shi. James Love, wani masanin tattalin arziki da ke tafiyar da ƙaramar ƙungiya a Washinton da kuɗin gidauniyoyi (ƙungiyar ta samu lambar yabo da kyautar kuɗi daga MacArthur a 2006), ya bi diddigin wannan tambaya har wajen Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya. A Fabrairun 2001 Cipla ya ce zai sayar wa ƙungiyar likitoci Na-Gari-Na-Kowa, MSF, haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala guda a yini. Ya kamata a fahimta cewa wannan ba jabu ba ne. Sinadarin ɗaya ne, sunan kamfanin ne kawai ya bambanta, kuma daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta riƙa duba ingancin irinsu tana tantancewa. Ita MSF kuwa da kuɗin kyautar Nobel da ta ci a 1999 ta kafa sashen fafutukar samun magani. Lambar nan ta 350 ta canza tunanin gwamnatoci. Watanni biyu bayan haka shugabannin Afirka suka taru a Abuja, inda Kofi Annan ya yi kiran kafa asusun duniya na yaƙi da cutar, kuma a 2002 Nijeriya ta fara shirin ba manya 10,000 da yara 5,000 magani na Indiya.

Hanya ta uku ita ce wadda ba a gani a talabijin. A Jeniba akwai wani gida na ɗariƙar Kirista da ake kira Quaker, waɗanda suka daɗe da al'adar tara jakadu a ci abinci a yi magana ba tare da an rubuta wa ya ce me ba. A wajajen 2001 suka riƙa gayyatar wakilan ƙasashe masu tasowa su zauna da masana dokar haƙƙin ƙirƙira, irin su Carlos Correa ɗan Ajantina da Frederick Abbott ɗan Amurka. A irin wannan zama jami'in da ya gaji da bin taro biyar a yini yana iya yin tambayar da zai ji nauyin yi a zaure, ya ji amsa, ya kuma gane cewa maƙwabcinsa ma damuwarsu ɗaya. Cibiyar South Centre, wadda ƙasashe masu tasowa suka kafa a 1995 ƙarƙashin jagorancin Julius Nyerere, ta taimaka da rubuce-rubucen shari'a. Daga 2002 kuma Gidauniyar Rockefeller ta riƙa karɓar baƙuncin irin waɗannan tattaunawa a gidanta na Bellagio da ke Italiya.

Amma masu magana a zaure jakadun ne da kansu. Rukunin ƙasashen Afirka, da bakin Zimbabuwe, shi ya nemi a yi zama na musamman a kan magani a Yunin 2001, Birazil da Indiya suka dafa masa. Sai wani abu ya faru da ba wanda ya tsara shi: a Satumba da Oktoba aka riƙa aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar cutar antiras a Amurka, gwamnatin ƙasar ta yi barazanar keta haƙƙin kamfanin Bayer a kan maganin Cipro in bai rage farashi ba. Wanda ya yi haka saboda mutuwar 'yan tsirarun mutane, da wane baki zai hana ƙasar da ke binne dubbai? Ranar 14 ga Nuwambar 2001, a taron WTO a Doha ta ƙasar Katar, aka amince da sanarwar da ta tabbatar cewa yarjejeniyar TRIPS ba ta hana ƙasa kare lafiyar jama'arta ba, kuma kowace ƙasa ita ke da ikon yanke dalilin ba da lasisin dole. Ƙasashe mafi talauci, cikinsu har da Nijar da Cadi, an ɗage musu wajabcin kare haƙƙin magani zuwa 2016, daga baya aka ƙara zuwa 2033.

Nan ne ciniki da haƙƙin ɗan Adam suka haɗu. Yarjejeniyar duniya ta haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa ta 1966 ta ambaci haƙƙin lafiya a sashe na 12, Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta ambace shi a sashe na 16. Ƙasashen da suka sa hannu a kan waɗannan su ne dai suka sa hannu a kan ta ciniki, amma ma'aikatar kasuwanci ba ta karanta takardar ma'aikatar lafiya, ita ma wannan ba ta karanta ta waccan. Bambancin kuwa shi ne dokar ciniki tana da haƙora, domin ana iya sa wa mai saɓa mata haraji na ramuwa, ta haƙƙin ɗan Adam kuwa sai dai a kunyata mai laifi. Babban aikin da aka yi da kuɗin gidauniyoyi shi ne horar da mutanen da suka iya karanta takardun biyu a lokaci guda. Aikin bai tsaya ga magani ba. A 2017 ofishin Friedrich Ebert na Jeniba ya haɗa hannu da Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ofishin haƙƙin ɗan Adam, suka fitar da nazari a kan yadda kasuwar bai-ɗaya ta Afirka za ta shafi ƙananan manoma da masu ƙaramin fatauci a kan iyakoki, tun kafin a sa mata hannu. Duk wanda ya san zirga-zirgar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ya san su wa ake nufi.

Akwai kuma gidauniyoyin da ba su taɓa doka ba, kasuwar suka shiga. Gidauniyar Clinton ta lura cewa kamfanonin Indiya na sa farashi da ɗan nauyi ne saboda odar da suke samu ƙanana ce, ba ta da tabbas, biyan kuma yana jinkiri. Sai ta tara bukatun ƙasashe da yawa wuri ɗaya, ta tura ƙwararru suka taya masana'antun rage kuɗin sinadarai, ta ce musu su rage riba a kan kowace kwalba su ci ta a yawan ciniki. A Oktoban 2003 aka sanar da farashin kimanin dala 140 a shekara da kamfanonin Cipla, Ranbaxy, Matrix da Aspen. A 2010 hukumar Unitaid ta kafa wata gidauniya a Jeniba da ke karɓo lasisi daga masu haƙƙi bisa yardarsu ta raba wa masu harhaɗawa. Ta wannan hanya aka samu lasisin maganin ƙanjamau dolutegravir a 2014, kuma a 2017 Gidauniyar Gates ta tsaya wa kamfanoni biyu na Indiya cewa in ba a sayi adadin da aka yi alkawari ba ita za ta cike, sai suka yarda da kusan dala 75 a shekara. Wannan dabara ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, ba na musun haka. Amma ta ginu ne a kan yardar mai haƙƙi, kuma mai haƙƙin ya sassauto ne bayan ya ga cewa in ya ƙi, ana iya yi ba da shi ba. Da babu gwagwarmayar Firitoriya da Doha, da masu sasanci ba su samu abin sasantawa ba.

Kada a ɗauka duk inda aka zuba irin wannan taimako haƙa ke cim ma ruwa. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton da ya nuna Amurka ta ba manoman audugarta kimanin 25,000 tallafin dala biliyan 3.9 a kaka guda, abin da ya karya farashi a kan miliyoyin manoman Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Binin, Burkina Faso, Cadi da Mali suka haɗa kai, wata cibiya mai zaman kanta a Jeniba ta taya su tsara takardunsu, shugaban Burkina Faso Blaise Compaoré ya je WTO da kansa ya gabatar da kukan a Yunin 2003, kuma batun na cikin abin da ya wargaza taron WTO na Kankun a Meziko a Satumbar wannan shekara. Hujja ta fito, duniya ta ji. Amma da aka kai Amurka ƙara a WTO kan wannan tallafi, ƙasar da ta ci ribar shari'ar Birazil ce, mai ƙarfin yi wa Amurka barazanar ramuwa, wadda a 2014 aka biya ta dala miliyan 300 aka rufe maganar. Binin da Cadi sun shiga shari'ar a gefe, ba su fita da komai a hannu ba. An haramta tallafin fitar da amfanin gona waje a taron Nairobi na 2015, amma tallafin cikin gida, wanda shi ne uwar matsalar, yana nan. Gidauniya na iya saya wa ƙasa lauya da lissafi, ba ta iya saya mata girman kasuwar da ke sa a ji tsoronta.

Ko nasarar Doha ma ba ta cika ba. Hanyar da aka tsara a 2003 don ƙasar da ba ta da masana'anta ta shigo da magani ƙarƙashin lasisin dole ta yi sarƙaƙiyar da sau ɗaya kacal aka bi ta har ƙarshe, lokacin da Ruwanda ta sayo daga wani kamfanin Kanada bayan sanarwar 2007.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna, wato wa ke zaɓar yaƙin da za a yi. Gidauniya ba ta tsayawa zaɓe, kuma mara lafiyar Kano ko Zandar ba shi da hanyar tsige kwamitinta. In ta ga dama a bana ta sa ido a kan ciniki, baɗi ta koma sauyin yanayi, ƙwararrun da ta horar sai su bi kuɗin ko su watse. Cibiyar ICTSD ta Jeniba, wadda jami'an ƙananan ƙasashe suka shekara ashirin suna dogara da labaranta don sanin abin da ke gudana a shawarwari, ta rufe a 2018 saboda matsalar kuɗi. Atlantic Philanthropies ta rabar da duk dukiyarta, fiye da dala biliyan 8, ta rufe a 2020 kamar yadda mai ita Chuck Feeney ya nufa. TAC da kanta ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a 2014 har sai da ta nemi gudummawar jama'a. Gates ta sanar a 2025 cewa za ta rufe a 2045. Kuma gidauniyoyin ba bakinsu ɗaya ba. Lokacin annobar korona, da Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a jingine haƙƙin ƙirƙira a Oktoban 2020, ƙungiyoyin da wasu gidauniyoyi ke ɗaukar nauyi sun goyi baya, shi kuwa Bill Gates ya fito fili ya ce ba nan matsalar take ba, kafin gidauniyarsa ta sassauto a Mayun 2021. Abin da aka samu a Yunin 2022 ɗan guntu ne, ya tsaya ga allurar rigakafi kaɗai, kuma ya zo a makare.

Laifin bai tsaya a waje ba. A taron nan na Abuja na 2001 shugabanninmu sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Nijeriya mai masaukin baƙi ba ta cikinsu. Ƙasashe renon Faransa da ke ƙarƙashin hukumar haƙƙin ƙirƙira ta Yawunde, har da Nijar, Cadi da Kamaru, sun sake yarjejeniyarsu ta Bangi a 1999 suka ɗaure kansu fiye da yadda dokar duniya ta nema, tun ana ba wasunsu rangwame. Albashin lauyoyin ciniki goma da kujerar nazarin wannan fanni a jami'a ba su fi ƙarfin kasafin kowace ƙasa ba, ba su kuma fi ƙarfin attajiranmu ba, waɗanda sadakarsu ta fi karkata ga rabon abinci da gine-gine. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da agajinta na waje a Janairun 2025, asibitoci da dama a nahiyar suka ga yadda maganin da ya yi araha ke iya yankewa in mai biyan kuɗin ba na gida ba ne.

Yanzu ga sabon zagaye. Lenacapavir allura ce da ake yi sau biyu a shekara, kuma gwaji ya nuna tana kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau kusan ɗari bisa ɗari. Kamfanin Gilead ya sa mata farashin sama da dala 28,000 a shekara a Amurka. A Satumbar 2025 aka sanar da yarjejeniyoyi biyu, ɗaya da hannun Gates, ɗaya da hannun Unitaid da cibiyar lafiya ta Clinton da wata cibiyar bincike ta Jami'ar Witwatersrand, waɗanda za su sa kamfanonin Indiya su fitar da ita a kan dala 40 daga 2027. Lasisin ya shafi ƙasashe 120, Nijeriya da Nijar na ciki. Kamfanin ne ya zana jerin. Birazil, Feru, Meziko da Ajantina, inda aka gwada allurar a jikin mutanensu, ba sa cikin jerin, kuma in suna son wannan farashi sai dai su koma ga lasisin dole da aka tabbatar musu a Doha.